Rabin Tatsuniyar Sabara da Gamba

Ni ne na yi kuskure, ba Kaka ba, ko da yake na daɗe ina ɗora mata laifin.

A ƙauyenmu kusa da Gozaki, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, da an ci tuwo sai mu kewaye wutar Kaka muna gasa gyaɗa. Daga arewa aka auro ta, can inda ruwan sama ke rowa. Ran nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, kuma wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa. Da kai nake, angona."

Ta ce Sabara ce ta je ƙasar rairayi ta roƙi Gamba wurin zama. Gamba ta matsa ta ba ta wuri. Sabara ta yi mata inuwa, ta tare mata iska mai zafi, Gamba ta yi kore shar. Daga nan ban sake jin komai ba sai carar zakara.

Da na zama saurayi, Baba ya damƙa mini filin gambar da muke yanka don zana da rufin ɗaki. Sabara ta yi ta tsirowa a ciki. Baba ya ce in sare. Na ce ai Kaka ta ce aminiyar gamba ce. Gaskiya, har da ƙyuya.

Bayan 'yan damuna sai ganyen gambar ya yi ja kamar tsatsa, karan ya yi laushi. Haka na yanka na rufa wa Kaka ɗaki. Ruwan farko a kan gadonta ya sauka. Na tarar da ita ta kifa ƙwarya a ka.

"Tatsuniyarki ce ta jawo," na ce.

"A ina ka tsaya da ji?"

"Inda Gamba ta yi kore."

Ta yi dariya har ƙwaryar ta faɗi. "Ai bayan nan Sabara ta biyo Gamba kudu, ƙasar ruwa irin tamu. Inuwarta ta riƙe raɓa, ganye ba ya bushewa, cuta ta kama shi. 'Yan'uwanka duk sun ji. Kai kana minshari da gyaɗa a baki."

Na yi ta musu cewa ba ta faɗa ba. Sai da na yi ƙwadago a garin su Kaka can arewa, na ga gamba lafiya lau a gindin sabara, sannan na yarda: tsiron ɗaya ne, ƙasa da ruwa ne suka bambanta. Har yau ba na aiki da rabin magana.

Da na dawo na sare sabarar filin, na sabunta mata rufi, na durƙusa a ƙofarta.

"Kaka, ki yafe mini. Kin faɗa. Barci na yi."