Tsamiyar Isuhu a Rufin Ɗakinmu

Shekara biyar ke nan da muka kai Isuhu maƙabartar Al-Oud. Ni ba marubuci ba ne, firamaren ma ban gama ta ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Ko kabarin ba zan iya nuna muku ba. A Riyadh ba a rubuta suna. Dutse ne kusa da dutse, in ka je sai ka yi addu'a ga duk wanda ke kwance a wurin.

Tare muka zo daga Maraɗi, tare muka yi aiki a wata masana'antar fitilu a Birnin Masana'antu na Biyu. Muna ƙera wa masu hali fitilun gilashi masu rassa, mu koma ɗakin da ko taga ba shi da ita. Wata Juma'a Isuhu ya dawo daga hutu da buhun ƙore. Na ce, "Kai, fura za ka sayar wa Larabawa?" Ya ce, "Mamman, bakinka ya fi hannunka aiki. Riƙe mini nan."

Ya gasa basilla ya dinga huda ƙwaryar, ƙananan ramuka rututu, ya kife ta a kan ƙwan fitila marar zafi, ya rataye. Da ya kunna, sai duk 'yan ɗakin muka juya muna kallo. Inuwar tsamiya ce ta sauko mana a bango, irin ta azahar, mai ɗigo-ɗigon rana. Iskar fanka ta taɓa ƙwaryar, ganyen ya motsa a kan fuskokinmu. Wallahi na ji ƙanshin ƙasa.

Daga nan ya kafa doka. Kowa zai huda inuwar bishiyar ƙofar gidansu, da hannunsa, daga abin da ya tuna, ba mai kwaikwayon wani. Kuma duk wanda zai koma gida gaba ɗaya, ya sauke tasa ya tafi da ita. Mutumin Damagaram ya yi goriba, dogayen tsagu. Wani ya yi gawo, wani aduwa. Tawa kuka ce, ta fito kamar ɓera ya ci, Isuhu ya ce ai kukarmu ma haka take da muni. Kafin a jima rufin ya zama daji. Bayan sallar Juma'a mu rufe ƙofa, mu kwanta a ƙasa, kowa ya nemi inuwarsa. Akwai wanda yake barci yana kiran sunan akuyarsa.

Yanzu in na bi ta unguwar Malaz ina ganin fitilun roba da inji ya huda, wai siffar ganye. A wuraren baje kolin zane ma ana rataye irinsu, da sunan mutum ɗaya a ƙasa. Nakan ce, da Isuhu zai gani me zai ce? Ni zagi nake yi. Shi na san tsayawa zai yi ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi mai shagon, "Wannan bishiyar a ƙofar wa take?"

Dajin namu ya yi ta raguwa. Goriba ta tafi, gawo ya tafi. Tsamiyarsa ce kaɗai ba ta da mai sauke ta. Bana kuma kafil ɗina, wanda zamana ke hannunsa, ya ce ba zai sabunta mini iƙama, takardar zaman ƙasa, ba. Na tsufa, in tafi. Da Hadiza, matar Isuhu, ta ji zan dawo, sai ta kira ni. Ta ce, "Malam Mamman, ya sha ba ni labarin ƙwaryar nan a waya, ban taɓa ganinta ba. Kabarin ba zan gani ba. A kawo mini ita."

Sababbin samarin ɗakin suka tayar da rigima. Babbansu ya ce, "Haba Baba Mamman, ita ce uwar sauran. In ka cire ta me ya rage mana?" Ba su ma san shi ba, amma a ƙarƙashinta suke kwana. Na ce, "Ku da ba ku huda ko ɗaya ba? Kuna kwance a inuwar matacce kuna latsa waya!" Na faɗa da zafi, amma raina bai so sauke ta ba. Muddin tana rataye, gani nake ya fita ne sayen burodi.

Dokarsa ce ta raba mu. Isuhu ya koma gida gaba ɗaya, tasa ba a sauke ba, shi ke nan. Na hau kujera na kwance ta, na naɗe ta cikin rigar sanyina tare da mummunar kukata. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, sunansa ma ba ya kan dutse. Abin da ya bari zai shiga jaka ɗaya, kuma ban san mai arzikin da ya bar wanda ya fi shi ba.

Bangon ya yi fari fat inda tsamiyar take sauka. Jiya na ga babban samarin yana tsaye yana kallon wurin. Bai dube ni ba ya ce, "Baba, darbejiya ce a ƙofarmu. Ramukanta manya ake yi ko ƙanana?"

Na ce, "Ni na taɓa zama a ƙofarku?"