Muhammad Auwal Goma Sha Ɗaya

Sa'adiyya taubashiyata ce, 'yar kawuna, don haka ina da damar faɗin abin da wasu ke rufa mata. Tun tana ƙarama ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba. In ta zubar da koko, ƙoƙon ne bai zauna daidai ba. Ta tafi Kano ta karanto kwamfuta, ta dawo ƙauyenmu da ke kusa da madatsar ruwan Watari da tabarau da kalmomin da ko limaminmu bai taɓa ji ba.

Bara ƙungiyar manoman rani ta garinmu ta roƙe ta ta yi musu shafin rajista. Kowane manomi zai ɗauki hoton takardar gonarsa da waya ya ɗora a shafin, hoton ya wuce babbar kwamfutar da ke ajiya, wadda take kira saba. Duk wanda ba a ga takardarsa ba zuwa Juma'a, ba za a sa shi a layin ruwa ba a wannan ranin.

Gaskiya ta yi aiki. Ta hana sabar karɓar komai sai hoto, don ta san Basiru maƙwabcinmu zai iya tura bidiyon bikinsa. Sai dai ta umarce ta da ta ajiye kowane hoto da sunan yankan mai shi, a garinmu kuwa Muhammad Auwal goma sha ɗaya ne. Ba wanda ya taɓa ƙirgawa, domin ba mai kiransu haka: wannan Sabo, wancan Sammani, mahaifinta kuma Ɗanliti. Duk Auwal ɗin da ya tura hoto, sai nasa ya hau kan na wanda ya riga shi ya shafe.

Ranar Laraba aka liƙa sunaye, Auwal guda ya fito, goma sun yi ɓatan dabo. Mutum tara suka zo gida da ƙorafi, ta gyara tabarau ta ce musu matsalar sabis ɗin waya ce. Kakarmu Inna Larai tana gefe tana tsintar wake, ta ji ana jero sunayen, ta ce ko gidan da ke da Auwal biyu sai an yi wa ɗaya laƙabi, balle akwatin da ya kwashi sha ɗaya. Sa'adiyya ta koma kan kwamfutarta. Kafin la'asar ta sa sabar tana raɗa wa kowane hoto lambarsa daban, mutanen tara suka sake turawa. Da ta ƙirga sai ta ga saura ɗaya.

A zaure muka sami na ƙarshen, mahaifinta, yana ɗaure ƙotar fartanya. Ashe har ya yi magana da Hashimu mai gonar tumatir zai yi masa ƙwadago, tunda shi ba zai sami ruwa ba. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa mata.

"Na ɗauka ni ne ban latsa daidai ba," in ji Kawu Ɗanliti. "Ke da kika yi karatu, ina ni ina cewa kin ɓata aiki?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ta durƙusa ta karɓi takardar, ta ɗauki hoton da kanta ta tura, sunansa ya fito. Sannan ta ce, "Baba, ba kai ba ne. Ni na yi kuskure."

Shekara ashirin da shida ina jiran wannan maganar daga bakinta don in yi mata dariya. Ranar da ta faɗa, kasawa na yi.