Sigarin Bayan Kunne

Wani ɗan dako ne zaune a bakin kasuwar kifi, ya naɗe riga har ƙirji, tumbi ya riga shi zama. Ƙafa ɗaya a ɗaure. Ciwon suga ne, ba sai an tambaya ba. Da ganinsa, akwai masu jiran shinkafa a gida.

Maigida Peng mai ɗaukar lebura ya miƙo masa sigari. A nan ƙin karɓa zagi ne, sai ya soke shi a bayan kunne.

"Mai Tumbi, kunnenka ne zai sha?" in ji Peng, yana ƙyasta ashana.

"Likita ya ce ko taba ko ƙafa, maigida."

"To, likita ya ba ka aiki."

Ɗan dakon ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya zaro sigarin ya sa a baki, ya kare wutar ashanar Peng da tafinsa kada iska ta kashe.