Malam Sharhabilu, wanda ya sa Darini ta tsaya kallon gudu

Duk mai sammako a Batsari ya san shi. Ana idar da sallar asuba za ka ga Malam Sharhabilu ya naɗe ƙafar wando, usur a wuya, ya kama hanyar Karare yana sassarfa, furfura sharkaf da gumi. Sai ya dawo ya watsa ruwa kafin ya nufi makarantar da yake koyar da motsa jiki. Makon jiya ya yi ritaya, kuma har yau ban ga wanda ya gama gane masa ba. Matarsa Lami ma cewa take, "Ba a biyo ka ba, ba ka biyo kowa ba, gudun na mene ne?"

Shi ne mai shirya gudun yada ƙanin wani da ake yi bayan kaka, daga Batsari a ratsa Darini, a sha fako da yashin rafi har Runka. Wani sai la'asar yake isa, wani a kan babur ake kwaso shi, ƙafa duk bororo. Malam ke bin hanya yana ɗaura tsumma a itatuwa don kada a ɓace, shi ke roƙon mata su ajiye randunan ruwa.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, dole aka dakata. Shekarar da aka ɗan samu sauƙi ya ce a dawo, sai dai ya manta abu guda: yanzu in mutumin ƙauye ya hango wani a guje, ba ya tsayawa tambaya. Samari na ɓullowa Darini suna haki, gari ya watse, tukwane na kan murhu. Su kuma 'yan tseren da suka ga jama'a na gudu, sai suka ɗauka su aka biyo, suka afka cikin karan dawa. Malam ya iso bisa babur yana busa usur don a tsaya, gudun ya ƙaru. Ya tsaya tsakiyar gari daga shi sai awaki, har shi kansa ya fara waiwaye, ko da gaske akwai wani a bayansa.

A wannan ruɗanin wata mata, Mairo, ta nemi 'yarta A'isha ta rasa. Aka yini ana nema, sai dab da magariba aka tsinci yarinyar a ƙarƙashin rumbu, ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Mai gari ya ce, "Malam, mu nan gudu ba wasa ba ne. Kada ka sake kawo mana shi."

Ya rataye usur, ya rasa inda ya yi kuskure, tunda alheri ya nufa. Amma bai daina zuwa Darini ba, a ƙafa, gaisuwa kawai. Rannan Mairo ta yi magana daga bayan danga: "In dai sai sun zo, su zo da kiɗa. Mutanen daji ba su zuwa da kalangu." Mai gari ya ce a gwada.

Da kaka ta zagayo, makaɗi ya shige gaba a kan babur. Mutanen Darini suka fito, wasu da takalma a hannu, wata tsohuwa ma da ƙunshin kayanta a ka, ko da abin zai ɓaci. 'Yan tsere suka ɓullo a guje, ba wanda ya motsa. Mairo na bakin randa, moɗa a hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe A'isha.

"Inna, wa ya biyo su?"

"Ba kowa."

"To don me suke gudu?"

Mairo ta dubi Malam. Shi kuwa idonsa ya cika da ƙwalla.

Malam, gwanin sammako, ni ma ban san amsar ba. Abin da na sani, kai ne ka koma inda aka kore ka har aka saurare ka, kai ne ka sa garin da ya saba tserewa ya tsaya yana tafi. Mun gode, Allah ya saka, ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya.

Ku kuma samarin Batsari da Safana, Malam ya fara gajiya. Wani ya karɓi usur ɗin nan, kada ya manta da makaɗi, don 'ya'yanmu su tashi sun san akwai gudun da ba wanda ya biyo ka.