Ɓarnar da Muka Yi wa Motar Kawu Attahiru

Duk wanda ya san Kawu Attahiru ya san ba ya wuce motar da aka ajiye bai taɓa ta ba. Zai naɗe hannun riga, ya ɗora tafukansa biyu a kusurwar gaba, ya danna da iya ƙarfinsa, ya saki, sannan ya ja baya yana kallon yadda take lilo. Ba ruwansa da ko ta wane ce. Ya yi wa ta liman a ƙofar masallacin Juma'a, ya yi wa ta surukinsa ranar ɗaurin aure. A gidan gaisuwar mutuwa ma na gan shi da idona ya danna ta wani baƙo, ya shigo ya zauna cikin masu makoki, da aka shafa fatiha ya karkata wajen mutumin ya ce, "Allah shi jiƙan Musulmi. Shokazobanka na hagu ma ya mutu."

Ni Bashar ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na Argungu na tashi, kuma ni Allah ya jarrabta da zama a kujerar gefensa. In kun ji ina magana da zafi ku yi mini uzuri, ƙuguna bai manta ba.

Kun san malamin gona ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur cikin fadamun Rima, daga wannan gonar shinkafa zuwa waccan, har ƙashin bayansa ya lalace. Da ya yi ritaya, a gabana likita ya ce masa ya guji girgiza, in zai hau mota ya nemi mai tsayi mai laushi, in ba haka ba wata rana sai an ɗauke shi. Kawu ya yi ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Ba a jima ba sai ga shi da wata jar mota 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda in ka tsaya kusa da ita rufinta bai kai maka ƙirji ba. Matarsa Inna Kulu ta leƙo daga zaure, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Alhaji, ina sauranta?"

Tun daga ranar muka shiga yaƙi, mu muna kare bayansa, shi yana kare motarsa. Kuma da ya bar ta yadda ta zo, da da sauƙi. Ya ce mai ita na farko ya shagwaɓa ta, ta yi laushi da yawa, in ta shiga kwana tana karkata. Na ce ai laushin likita ya ce a nema.

"Mota daban, gado daban," in ji shi. "In barci kaka so, ga katifa can ɗaka. Mota ga kwana aka sanin ta."

Ya sa aka aiko masa da gajerun sifirin da shokazoba masu tauri daga Legas, muka kai wa Nafi'u, makanikensa a Birnin Kebbi. Nafi'u ya juya kayan a hannu ya ce, "Baba, waɗanga ba don hanyoyinmu anka yi su ba." Kawu ya ce masa aikinsa ɗauri ne, shawara kuwa in ana buƙata za a aiko. Da aka sauke motar daga jak, ko kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta. Muka dawo Argungu, ta ƙi shiga gida, cikinta ya tokare da simintin bakin ƙofa. Mai hankali zai koma ya ce a ɗaga mota. Kawu magini ya kira, aka fasa bakin ƙofar, daminar da ta biyo baya ruwan titi ya riƙa shigo mana har tsakar gida.

Wahalar gaske tana kan hanyar Birni, wajen tudun nan da ake yi a kan kwalta don rage gudu. Duk inda muka iske ɗaya sai in sauka don a rage nauyi, in durƙusa a gaban mutane ina leƙen ƙarƙashin mota, shi kuma ya karkace ta ya haura da taya ɗai-ɗai. Wata rana a Ambursa wani dattijo mai keke ɗauke da buhun albasa ya wuce mu. Muka cim masa muka wuce, a tudu na gaba ya sake wuce mu. Da abin ya yi yawa sai ya sa ƙafa a ƙasa ya ce, "Alhaji, in saƙo na kaka kaiwa Birni, ba ni in riƙa maka, ka iske an amsa."

Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya ce da ni, "Ƙyale shi. Mu haɗu ga kwana."

"Kawu, wace kwana? Hanyag ga miƙe take awa sanda."

To abin da ya fi ba ni haushi ke nan. An kashe mana ƙugu saboda kwana, kwanar kuwa sai an neme ta. Shi ya sa da mun shiga Birnin Kebbi yake zarcewa shataletale, ya yi ta zagayawa, yana tambayata ko na ji yadda ta riƙe ƙasa. Ni dai furar da na sha da safe nake ji a maƙogwaro. Rannan mai ba da hannu ya gaji da ganin mu, ya tsayar da mu cikin ladabi ya ce, "Baba, ina kaka nema in nuna maka?"

"Ba ni neman ko'ina, ɗana. Nan niz zo."

Daga nan ya koma kan taya. Ya ce sifirin ya yi nasa, tayoyin ne ke cin amanarsa. Aka cire masu kauri, aka sa manyan rim da wasu tayoyi masu faɗi, robar da ke jikinsu ba ta fi ta silifa kauri ba. Ɗan sauran tausayin da ke cikin motar nan ya tafi, ko tsakuwa ka taka sai ka ji ta a haƙori. Ya sayi ma'aunin iska ya haɗa shi aljihu ɗaya da carbinsa. Masu facin Argungu, waɗanda suka saba ƙwanƙwasa taya su ce ta yi, da sun hango jar mota sai kowa ya tuna bai yi salla ba.

Mutumin nan fa da zai yi rabin yini yana cinikin kifi a kasuwa, taya yake lulluɓewa don kada rana ta taɓa ta. Inna Kulu ta yi ta neman atamfarta ta zuwa biki, ta birkice ɗaki, ta zargi 'yan aiki da maƙwabta, ƙarshe ta iske ta a kan tayar baya.

"Alhaji, zanen bikina?"

"Rana na cin roba, Kulu. Ke ko kina da inuwa."

Da damina muka kama hanyar Gulma zuwa suna. Wani rami ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa, muka faɗa, taya ta fashe, rim ya lanƙwashe. Babu mai facin da ya taɓa ganin irinta a yankin, balle ya samu madadinta. Shanun wani manomi suka ja mu zuwa gari, motar tsere a bayan bijimai, yara suna biye suna tafi. Muka iske an ci rago an watse. Na ce to Kawu, yanzu dai ka gani. Ya ce, "Taya ba ta da laihi. Ramin shi yat tare ta."

Sau ɗaya Inna Kulu ta yarda ta shiga, lokacin da 'yarsu ta haihu a Birni. Aka cusa ni a ɗan lungun baya, gwiwoyina a haɓa, ita kuma ta zauna gaba da kwanon kindirmo a cinya. Haka muka sha girgiza har muka isa. A ɗakin mai jego ta buɗe kwano, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa ta ce, "Amshi man shanu, ɗiyata. Kindirmo nit taso da shi, babanki yak kaɗe shi bisa hanya." A motar haya ta koma gida.

Ku kuna dariya, amma akwai abin da ni kaɗai nake gani. Duk inda muka tsaya Kawu ba ya fita nan take. Sai ya ce yana jiran inji ya huce. Jira yake mutane su watse, don in zagayo in sa hannu a hammatarsa in ciro shi, rigarsa jiƙe da zufa, yana cije leɓe. Na roƙe shi don Allah don Annabi, na yi fushi, na yi yajin shiga motar, na kai ƙara wajen mahaifiyata. Amsarsa ɗaya ce: "Bayana tun ga babur yal lalace. Kada ka ɗora ma baiwar Allah laihi."

A shekararsa ta ƙarshe ciwon ya wuce na baya kawai. Tuƙi ya gagare shi, makulli ya dawo hannuna, kuma dole mu riƙa zuwa asibiti a Birnin Kebbi a kai a kai. Maƙwabcinmu ya ba da aron motarsa mai laushi, Kawu ya ce ba zai shiga kwalekwale a kan tudu ba. Sai jar motar. Ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka kowane ɗan gargada sai in ji numfashinsa ya ɗauke. Na ce bari Nafi'u ya ɗan sassauta ta. Ya kalle ni ya ce ranar da wani ya taɓa masa mota, ranar ya gama zuwa asibiti, a bar shi ya mutu a ɗakinsa. Kun san shi, in ya faɗa ya faɗa.

Da aka kwantar da shi na 'yan kwanaki, Inna Kulu ta kira ni gefe a barandar asibitin. Ta ce, "Bashar, kai motar wurin Nafi'u shi sassauta ta. In Alhaji ya yi hushi, shi yi da ni. Ban iya ƙara ganin an hiddo shi awa gawa." Na kai wa Nafi'u motar. Ya nemo dogayen sifirin da shokazoba masu laushi, ya mayar da ƙananan rim da tayoyi masu kauri. Motar ta tashi, ta koma kamar ta mutane. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don na san ba a ɓoye wa Kawu irin wannan, kuma na san abin da zai biyo baya in ya ƙi shiga.

Ranar sallama na turo shi a keken marasa lafiya har bakin motar. Ya daɗe yana kallon tayoyin, ya kalli tazarar da ke tsakaninsu da jikin mota, ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai ya kama ƙofa ya zauna, ba tare da na naɗe shi biyu ba kamar kullum. Muka fita daga gari. Can na saci kallonsa, na ga ya saki kafaɗu, ya jingina kai, hannunsa a buɗe a kan cinya. Rabon da in ga fuskarsa ba a ɗaure ba har na manta.

Da muka shigo Argungu na sa sigina zan karya layinmu, sai ya ce, "Bashar."

"Na'am, Kawu."

"Kun lalata mani mota."

"E, Kawu."

"Kun lalata ta ƙwarai. Kada ka tsaya. Mu ƙara gaba kaɗan in ji iyakar ɓarnar."

Na miƙe muka fita bayan gari, muka bi gefen fadama. Shinkafa ta yi kore shar, ya sa na sauke gilashi, yana nuna mini gonakin da ya yi aiki a cikinsu, yana kiran sunayen masu su, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yana cikin magana barci ya ɗauke shi. Na yi ta tafiya a hankali ina share hawaye da bayan hannu, don ban so in tsaya ya farka.

Bai ƙi zuwa asibiti ba, bai kuma taɓa cewa mun kyauta ba. Kullum bayan la'asar dai sai ya aiko a kira ni, ya ce in kawo makulli mu je mu duba ɓarna. Ya yi ta duba ta har makon da ya rasu, kuma ko a fitarmu ta ƙarshe cewa ya yi bai gama tantancewa ba.

Ya ba ni haushi fiye da kowa a duniya, kuma har yau la'asar ba ta yi ban ji kewarsa ba. Allah ya jiƙan Kawu Attahiru, ya yafe masa taurin kansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya yalwata masa makwanci, ya hutar da bayan nan nasa da bai taɓa bari ya huta ba. Amin.