Minti Goman Baba Mai Agogo

A gyara zama, a sassauta murya. Ga Baba Mai Agogo, gwamnan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, mutumin da ya shekara arba'in yana riga duniya da minti goma, bai taɓa ba ta haƙuri ba.

Tashar ta girme shi. Jan bulo, rufin kwano, benci uku, da tagar tikiti wadda kazar maƙwabta ta mayar ɗakin ƙwai. Yana saurayi ya fara aiki a nan, mai shara. Shugaban tasha na lokacin ya gaji da ganin mutanen garin suna bin jirgi da gudu, buhu a ka, akuya a hannu. Sai ya miƙa masa makullin agogon bango ya ce, "Tura shi gaba minti goma, ka kuma ja bakinka."

Baba ya ja bakinsa, amma kafin shekara ta zagayo har na goye ya sani. Kowa ya ɗaga kai ya ga takwas sai ya ce, "Da saura," ya ƙara shayi. Daga baya jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta cinye layin dogo, shugaban ya riga mu gidan gaskiya. Baba dai kowace Litinin yana kan tsani yana naɗa agogonsa. Matarsa, Goggo, takan ce da ita ake lallaɓawa haka, da har yanzu tana yarinya.

Bara aka ce za a mayar da tashar gidan tarihi. Aka turo jami'i mai takalmi kamar madubi. Ya dubi bango, ya dubi wayarsa.

"Baba, agogon nan ƙarya yake yi."

"Ɗana, ƙaryarsa ta girme ka."

Jami'in ya karɓe makullin, ya daidaita agogo, ya ce tsoho ya je ya huta. Baba ya koma gida ya zauna a ƙofar ɗaki, hannu a aljihun da babu komai. Goggo ta ajiye abinci, ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Garin kuwa ya ci gaba da cire minti gomansa. Shugaban makaranta ya iso bayan an buga ƙararrawa. Motar kasuwa ta tafi ta bar tela da ɗinkin mutane a kafaɗa. Ranar Alhamis mutanen garin suka yi gayya zuwa tasha.

"Ai an sanar an gyara," in ji jami'in. "Ku daina cirewa mana."

"Ranka ya daɗe," in ji tela, "ba mu ke cirewa ba, ido ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Jami'in ya yi bayani har ya yi gumi. Ƙarshe ya rubuta a allo cewa kuskuren ma tarihi ne, ya aika a kira tsoho.

Na same shi a kan tsani yana tura dogon hannun agogo gaba. Na ce, "Baba, ka kayar da hukuma, ka kayar da waya. Me za ka faɗa wa 'yan baya?"

Bai ko waiwayo ba.

"Riƙe tsanin nan da hannu biyu, yana rawa."