Duwatsun Mushe Illo

Zuwa ga Malam Sani, mai shirya takardar labarai ta ƙungiyar tsofaffin malaman lakwal, Maraɗi.

Bayan gaisuwa, a takardarku ta wannan wata kun rubuta cewa Mushe (wato Malam) Illo Ɗan Baba ya rasu ranar Laraba, kuma ya ƙare rayuwarsa yana "neman ma'adinai a Azbin". Duka biyun kuskure ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 9 ga Maris 1976, da hantsi, a gidansa na Madarumfa, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana fama da shi. Kuma Illo bai taɓa neman ma'adini ba. Hanya yake nema.

Tun shekarar da aka tura shi koyarwa Agadas ya ɗora wa kansa bin tsohuwar hanyar ayari da ta ratsa duwatsun Azbin ta gangaro ƙasar Hausa, wadda kakanninmu fatake suka bi, Turawan bincike na ƙarnin da ya wuce ma suka bi sawunsu. Bayan an maido shi gida bai daina ba. Duk hutun lakwal, wato makarantar boko, sai ya hau mota zuwa Agadas, daga nan raƙumi, daga nan ƙafa. Yakan zauna da tsofaffin Azbinawa ya tambayi sunan kowace rijiya. Inda tarin duwatsun da ke nuna wa matafiya hanya ya rushe, sai ya tsaya ya sake jera shi.

Illo, daga kowane zango kakan roƙi izinin masu wurin ka ɗauko dutse guda, ka rubuta masa lamba da farin fenti. Waɗannan ka jera a tsakar gidanka, daga gindin bango na arewa zuwa bakin zaure, kowane a inda ya faɗa bisa hanya: na Iferwan, na Timiya, baƙaƙen nan na Bagzan. Taswira ce ta dutse, kuma babu irinta a takarda, domin kullum kana cewa sai ka cike giɓin da ya rage. Gari kuwa ya yi maka laƙabi da Sarkin Tsakuwa. Kakan yi dariya ka ce, "To, talakawana dai ba su kai ƙarata."

Ban manta shekarun fari ba, lokacin da Azbinawa suka gangaro ba dabba ko ɗaya. Ka sauke iyalan waɗanda suka taɓa yi maka jagora, ka buɗe musu rumbunka har ya ƙare. A gabana wani tsoho daga cikinsu ya durƙusa kan wani jan dutse, ya shafa shi, ya faɗi sunan rijiyarsu, sa'annan ya ja rawaninsa ya rufe idanunsa.

Yanzu ga abin da nake jin nauyin rubutawa. Ranar sadakar uku mutane suka taru daga Gabi, Ɗan Issa, har da Katsina. Kowa ya san ƙasarmu rairayi ce, dutsen murhu aronsa ake yi gida gida. Matan da suka zo girki suka tarar da duwatsu birjik a tsakar gida, suka yi hamdala, suka kafa tukwane. Mu kuma dattawa, har da mu da ake kira masu ilimi, muna zaure muna karɓar gaisuwa. Aka kawo tuwo muka ci. Ni ma na ci, har na yaba miyar.

Sai da na shiga yi wa matarsa Ɗelu ta'aziyya na ga tsakar gidan fayau. Na ce da Hajiya Tani, yayar marigayin, "Hajiya, ina duwatsun?"

Ta ce, "Waɗanne? Au, tsakuwar Illo? Ga su nan ƙarƙashin tukwane. Yau dai sun yi amfani, Mushe."

Na ce, "Aikin ransa ne kuka ɗora wa wuta."

Ta dube ni, muciya a hannunta, ta ce, "To mi ya hana ku faɗa mana? Ku ne masu lakwal. Mu dariya muka ji kuna yi, muka taya ku."

Na wuce na yi ta'aziyyata. Ɗelu tana cikin takaba a ɗaki, ta ji motsin, amma kunya ta hana ta tsawata wa dangin miji. Wuta ta cinye lambobin. Wasu duwatsun sun fashe. Da aka watse, maƙwabta suka kwashe sauran duwatsun zuwa gidajensu, kowa na ganin ya tsinci abin da ba mai so.

Ba na zargin matan. Abin da muka nuna musu a kansa shi suka aikata. Roƙona ɗaya ne: duk gidan da dutsen Illo ya shiga, a maido shi kafin sadakar arba'in, domin ranar za a sake kafa tukwane, kuma abin da ya tsira a karon farko ba zai tsira a na biyu ba. Na aika wa tsohon nan Ba'azbine, wanda ke zaune kusa da Gabi, ya ce zai zo ya gwada gane abin da zai iya. Murhun ranar kuwa na sa magina sun fara yin na laka.

Allah ya jiƙanka, Illo, ya gafarta maka, ya sa kabarinka ya yalwata, ya miƙe maka hanya kamar yadda ka miƙe wa matafiyan da ba ka sani ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ɗelu, da 'ya'yansa Rabi da Mamman, da Hajiya Tani, da dukan dangi. Allah ya ba su haƙuri, mu kuma ya yafe mana.

Na haɗo da wannan takarda: hoton marigayin a bakin wata rijiya ta Timiya, wanda za ku maido mini ba tare da lanƙwasa ba, zanen tsakar gidan gwargwadon abin da na iya tunawa, inda duk kuka ga fili ban tuna ba ne, sai ɗan gutsuren baƙin dutse da wuta ta fasa, a ƙulle cikin ƙyalle. Ina zaton na Bagzan ne. Wanda zai tabbatar mini ya tafi.

Hamisu Ɗan Azumi,
tsohon shugaban lakwal, Madarumfa.